Abin da Na Ɓata a Teburin Tambaya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Najat,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Wad Madani lafiya, kayanki ba su ɓace ba, ƙafarki ba ta kumbura da zaman mota ba. Allah Ya tsare ki a hanyar Sinja, Ya tsare ki a Sinnar, Ya tsare ki a ɗakin da za ki zauna da ajin da za ki shiga. Innarki Amna tana gaishe ki. Ita ce ta soke takardar a ƙasan jakarki don kada ki gan ta sai kin isa.

Da gangan na rubuta miki da Hausa. Na san Larabci ya fi miki sauƙi a ido, kuma za ki yi ta tuntuɓe a kan waɗannan baƙaƙen. Ki daure. Akwai maganar da idan na faɗe ta da Larabci takan fito kamar rahoton ofis.

Za ki je ki koyi aikin da na shafe rayuwata ina yi, wato zama a teburin tambaya na maktaba, inda mutum ke zuwa da buƙatarsa a nemo masa amsa. Malamanki za su koya miki yadda ake yin sa daidai, da na'urorin da ni ban ma san sunansu ba. Abin da nake da shi wanda ba za su ba ki ba shi ne wuraren da na ɓata. Ban taɓa gaya miki su baki da baki ba, don harshena kan yi nauyi idan kina kallona.

Na fara aiki a ƙaramar maktabar nan ta bayan kasuwa a Madani tun ban auri innarki ba. Ina da farar jallabiya da alƙalami a aljihun gaba, kuma ina jin kaina. A lokacin ba na son a san ni Bahaushe ne. Idan aka tambaye ni garinmu, sai in ce wajen Hasahisa, in yi shiru. Na ji yadda abokan aikina ke cewa “Fallata” idan sun ga mutanenmu sun wuce da kayan gona, ban so kalmar ta faɗo kaina ba.

Wata Alhamis da hantsi wani dattijo ya shigo. Ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa kamar wanda zai shiga masallaci, ƙafar wandonsa duk busasshen taɓo na tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki. Na gane shi tun daga nesa. Malam Haruna ne, maƙwabcin babana a hawasha, wato gonar noman rani, tasu tana manne da tamu. Ya iso gaban tebur, ya ce cikin Larabcinsa mai karyewa yana son littafin auduga. Sai ya ƙura mini ido, fuskarsa ta saki, ya juya Hausa.

“Kai ba Sulaiman ba ne, ɗan Idi? Alhamdulillahi! Ashe kai zan iske.”

Abokan aikina biyu suna zaune a bayana suna shan shayi. Na ji sun daina magana. Sai na amsa masa da Larabci, Larabcin makaranta mai tsabta, na ce ya jira. Na je na ɗauko littafin auduga mafi kauri da muke da shi, na ajiye a gabansa, na nuna masa kujera. Ya sa hannu a aljihu kamar zai fito da wani abu, ya dube ni, ya fasa. Ya daɗe zaune da littafin yana juya shafi, yana neman hoto, littafin kuwa babu hoto ko ɗaya. Da aka kira azahar ya mayar mini, ya yi godiya, ya sa takalminsa ya tafi.

Sai da na je gida hutun Sallah na ji sauran labarin. Muna cin asida, babana bai ɗago kai ba ya ce, “Haruna ya ce ya tafi maktaba, ya iske wani Balarabe mai kama da kai.”

Abin da ke aljihunsa ganyen auduga ne, ya nannaɗe shi a tsumma. Ganyen gonarsa ya fara lanƙwashewa yana yin danƙo kamar an shafa masa zuma, shi ne ya biyo mota tun asuba don ya nuna wa wanda ya yi karatu. A cikin aljihun tebur da ke bayana akwai 'yan takardun malaman gona, masu hotuna, kuma ɗaya daga cikinsu a kan wannan ciwon take. Na san da ita. Da na tambaye shi tambaya ɗaya tak, da na miƙa masa ita, da na karanta masa ita da bakina. Audugarsa ta wannan shekara ba ta yi ba.

Na same shi a hawasha washegari, na durƙusa. Bai yi mini faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ya ce, “Ba komi, ɗana. Ni dai ganyen na so in gwada maka.”

Najat, da wuya mutum ya faɗi ainihin buƙatarsa a maganar farko. Wani kunya yake ji, wani bai san sunan abin ba, wani yana auna ki ne ya ga ko za ki raina shi. Ki tambaye shi, “Me ya faru?” Ki sake tambaya, “Me za ka yi da amsar?” Ki bar shi ya yi shiru idan yana so. Yanzu kowa yana da waya a hannu, yana rubuta kalma ɗaya amsoshi su zubo masa fiye da yadda zai iya karantawa, sai ya tashi a rikice fiye da yadda ya zauna. Wanda zai zo wurinki ya riga ya gwada wayar ta gaza masa. Kada ki sallame shi da abu mai kauri don ki huta. Kuma duk wanda ya yi miki Hausa ki amsa masa da Hausa, da murya sosai, ko wa ke zaune a bayanki. In ya zo da wani harshen da ba ki ji, ki tashi ki nemo mai ji.

Daga wannan shekarar na daina ɓoye kaina. Na ma wuce haka. Na riƙa bin ƙauyukanmu ranar Juma'a ina roƙon tsofaffi su ba maktaba ajiyar takardun kakanni: wasiƙun ajami da waɗanda suka taso daga yamma kan hanyar Makka suka riƙa aika wa juna, da waƙoƙin wa'azi, da takardun da ke faɗin wanda ya sari wane gari. Suka yarda da ni suka ba ni. Na tara su a wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburina, makullin yana wuyana. Har da wasiƙar kakana a ciki, wadda ya rubuta wa ƙanensa yana cewa ya samu ƙasa mai ruwa kusa da kogi, ya taho da iyali. Na ɗauka na gyara kuskurena. Ban san akwatin nan shi zai zama wurin babban kuskuren ba.

Shekaru suka wuce, furfura ta fito mini, sai aka kawo mana sabuwar ma'aikaciya, Ustaza Salma, yarinya ce da ta gama jami'a, aka kawo kwamfuta tare da ita. Aikinta ta kwashe fihirisar littattafanmu daga katunan da ke cikin akwatunan katako ta shigar da ita cikin na'urar. Katunan nan rabinsu da hannuna na rubuta. Ranar farko ta zo da ladabi ta ce in nuna mata tsarin. Na ce mata, “Fihirisar tana kaina, ba ta buƙatar lantarki.” Mutane suka yi dariya, na ji daɗi.

Sau biyu aka sa sunana cikin waɗanda za su je horo na mako biyu, sau biyu na ce bayana na ciwo. Bayana lafiyarsa lau. Tsoro nake ji. Ina tsoron in zauna tsakanin yara in kasa gano inda baƙi yake, a ce ashe wannan shi ne Ammu Sulaiman, wato Baffa Sulaiman, da ya san komai. Wata rana wani ɗalibin aikin jinya ya zo da tambaya. Na shiga katuna ina lalube, kafin in fito da littafi ɗaya tsoho Salma ta samo masa bayanai uku sababbi, har da wanda aka rubuta a wata ƙasa. Ya gode mata, ya manta da ni a tsaye. Na yi mako guda ba na amsa gaisuwarta sai da kai.

Ita ce ta zo ta same ni. Ta kawo jabana da ƙananan kofuna biyu, ta zuba mini gahawa, ta ce, “Ammu, ni na san inda ake danna na'ura. Amma jiya wata mata ta zo, na yi rabin sa'a ban gane abin da take so ba, kai ka gane kafin ta zauna. Ka koya mini wannan, ni in koya maka wancan. Bayan an tashi aiki, ba wanda zai gani.”

Na ce, “Insha Allahu.” Kin san irin wannan insha Allahun. Ban taɓa zama ba.

Daga baya ta roƙe ni in bar ta ta ɗauki hoton takardun akwatin ƙarfe, shafi shafi, a adana su a wurare daban-daban. Na ce takardun kakanninmu ba na zubawa cikin waya ba ne, kowa ya gani. Ta yi ta dawowa. Don in rabu da ita na zaro ƙunshi ɗaya daga sama, wanda ma ban ɗauka da muhimmanci ba, na ba ta. Sauran na kulle.

Ki ji ni da kyau a nan. Abin da za a koya miki bana, kafin ki yi shekara biyar a aiki wani ɓangarensa zai tsufa. Ranar tana nan zuwa da za ki ga wata yarinya ta shigo da abin da ba ki iya ba. Idan ta zo, ki ja kujera kusa da ita ki ce ta nuna miki. Kunyar ba ta wuce ta kwana biyu. Ni da na guje ta, na ɗauki kunyar shekara goma. Haka kuma idan kin tarar da tsoho a maktabar da aka tura ki, yana riƙe da katunansa yana harararki, kada ki yi masa dariya. Mai yiwuwa tsoro ne ke cin sa. Ki yi masa abin da Salma ta yi mini, ko da zai ƙi.

Abin ban dariya, ni da na ƙi kwamfuta, da babbar waya ta shigo hannuna sai na zama kamar yaro da sabon wasa. Saƙonni suna ta shigowa daga 'yan uwa da tsofaffin abokai, ina saurare, ina turawa gaba. A maktaba ba zan taɓa miƙa wa mutum littafi ba sai na duba wanda ya rubuta shi da inda aka buga shi. A waya kuwa duk wannan tarbiyya ta zube, ban san dalili ba. Wataƙila don abin yana zuwa daga hannun wanda na sani.

Wata safiya aka turo mini muryar wani mutum. Ya ce shi likita ne, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi asibitinsa ba. Muryarsa a natse, yana jawo ayoyi, yana cewa jiƙon wani ganye yana raba mutum da ciwon sukari cikin kwana arba'in, amma sai an ajiye ƙwayoyin asibiti. Na tuna gwaggonki Hawa, ƙanwata, da yadda ta gaji da shan magani. Na tura mata, na ƙara da muryata, “Hawa, ki gwada wannan.”

Ta gwada. Ba ta gaya wa kowa ta ajiye ƙwayoyin ba. A mako na uku tana tsugune gaban murhu tana yin kisra da safe, ta kife gefe. Da raksha, babur mai ƙafa uku, aka kai ta asibiti, kanta a cinyar innarki. Ina tsaye a bakin gado likita ta tambaye ta, bayan ta farfaɗo, wa ya ce ta daina shan magani. Hawa ta nuna ni da haɓa, ba da fushi ba, da alfahari ma ta faɗa: “Yayana ne. A maktaba yake aiki, ya san komai.”

Likitar ta dube ni, ta ci gaba da rubutunta. Gwaggonki ta tashi, alhamdulillahi, kin ga yadda take yanzu. Amma idonta na hagu bai koma daidai ba, kuma duk lokacin da na ga tana karkata kai don ta zura zare a allura, na san hannuna yana ciki.

Daga ranar da kika zauna a teburin nan, maganarki ta yi nauyi, ko a ofis kika yi ta ko a tsakar gida. Mutane za su daina bincike don ke kin faɗa. Saboda haka kafin abu ya fita daga hannunki ki san wa ya faɗe shi, yaushe, a ina, kuma me zai samu idan aka yarda. Na ji kuna magana da ƙawayenki a kan sababbin na'urorin da ake yi wa tambaya su amsa kamar mutum, da magana mai santsi. Ki koye su sosai, ki fi kowa iya su, don mutanenki da su za su yi aiki ko kin so ko kin ƙi. Ki gwada su da tambayoyin da kin riga kin san amsarsu, ki ga inda suke gaskiya da inda suke zamewa, sannan ki koya wa masu zuwa wurinki su ma su riƙa gwadawa. Santsin magana ne ya yaudare ni, ni da furfurata. Idan kuma tambaya ta shafi jikin mutum ko shari'a, ki nemo masa bayanin, sannan ki nuna masa ƙofar likita ko ta lauya. Akwai jimla guda da na daɗe ban iya furta ta ba, ke ki saba da ita tun yanzu: “Ban sani ba, amma zauna mu nema.”

Sai yaƙi ya iso Madani. Kin san yadda muka fito, ba sai na maimaita miki ba. Na so in biya maktaba in ɗauki akwatin ƙarfe, hanyar ta riga ta toshe. Muka yi kudu har Rusairis wurin kawunanki, makullin yana wuyana, akwatin yana can.

Bayan gari ya lafa mutane sun fara komawa, Salma ta kira ni. Ta je ta ga wurin da idonta. An farfasa kantocin littattafai an yi girki da su. Katunana suna warwatse a tsakar gida, ruwan sama ya bi ta kansu. Na tambaye ta akwatin. Ta ce, “Ammu, yana nan. An fasa kwaɗon. Babu komai ciki.” Wataƙila sun ɗauka zinariya ce, da suka ga takardu suka hura wuta da su.

Na zauna a bakin kogi ranar har la'asar. Amanar ƙauyuka ce aka ba ni, mutanen da yawansu sun rasu. Wasiƙar kakana ta tafi, ban haddace ta ba sai layi biyu. Ba a ƙwace takardun daga hannuna ranar da aka fasa akwatin ba, tun ranar da na ce wa Salma a'a na yi asararsu.

Da yamma saƙonta ya shigo. Fihirisar maktaba gaba ɗaya tana nan, ta ajiye kwafinta a wuri uku. Sannan hotuna suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, na ƙunshin nan da na ba ta don in rabu da ita. Da na buɗe su na ga ashe waƙar wata mata ce daga cikin na farkon zuwa, tana lissafa sunayen garuruwan da suka sauka a hanya da waɗanda suka binne a kowane zango. Na karanta wa kawunanki a tsakar gida, babban cikinsu ya ji sunan kakar babarsa a ciki, ya rufe fuska da rawaninsa. Yanzu labari ya bazu. Waɗanda ba su ba ni takardunsu ba a da, Allah Ya yi musu albarka da rowarsu, suna fito da su daga ƙasan gado suna neman wanda zai ɗauki hoto. Salma ta ce aikin ya fi ƙarfinta ita kaɗai, kuma ba ta iya karanta ajami ba. Ki neme ta idan kin natsu. Ki gaishe ta da girmamawa, ta fi babanki gaskiya.

Abin da yake da daraja, kada ki bar shi a wuri ɗaya, ko akwati ne ko na'ura. Waya ma tana faɗawa ruwa, kwamfuta tana mutuwa. Ki yawaita kwafi, ki rarraba, ki nemi izinin masu abin, ki rubuta wanda ya ba ki da abin da ya yarda a nuna. Na ɗauka rowa da abu ita ce tsare shi, na yi kuskure.

Saura ɗaya, kuma ke na yi wa shi.

Ranar da kika ce kina son karatun maktaba, muna zaune ƙarƙashin bishiyar nim ta gidan kawunki. Na ce miki aikin ya mutu, waya ta kashe shi, yaƙi ya binne shi. Na ce ki yi karatun haɗa magunguna kamar 'yar kawunki, ki samu abin da za ki riƙe kanki. Kika ce, “Baba, ai kai ka sa na so shi.” Na ce to na yi miki mugun gado. Na ga yadda fuskarki ta yi, kika tashi kika shiga ciki. Innarki ba ta yi mini magana ba sai washegari. Gaskiyar ita ce ba aikin nake yi wa hukunci ba, haushin kaina nake ji, na sauke a kanki.

Ba a yi wata guda ba aka fara yaɗa wata takarda a wayoyi, jerin sunaye, an rubuta a sama wai waɗanda aka kashe ne a wani ƙauye na Jazira. Sunan Usman, mijin Maryam maƙwabciyarmu, yana ciki. Tun fitowarmu ba ta ji ɗuriyarsa ba, ya tsaya baya don ya kula da shanu. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, mata sun fara kuka, an aika a kira liman. Ni ma na sa hula na je na zauna cikin masu gaisuwa.

Ke kika shiga wurin Maryam kika ce, “Inna Maryam, ki ba ni zuwa la'asar kafin ki shiga takaba.” Wata tsohuwa ta ce ke wace ce da za ki hana mace kukan mijinta. Kika wuce ta kika fita. Kika hau tudun bayan makaranta inda shabakar waya ke kamawa, cikin wannan rana, na biyo ki don in dawo da ke, sai na tsaya ina kallo. Kika tambayi wanda ya turo wa Maryam daga ina ya samu, kika bi na gabansa, kika bi na gaban wancan. Kika lura kowane suna yana da lamba a gefensa, kika ce mini, “Baba, wa ke rubuta yawan iyali a gaban sunan mamaci?” A mutum na biyar kika samu hoton takardar kafin a yanke kanta. Jerin waɗanda aka rubuta ne don rabon abinci a wata makaranta da 'yan gudun hijira suka sauka. Kika yi ta nema har kika samu lambar wata mai aikin sa-kai a wurin, kika roƙe ta ta zagaya azuzuwan tana kiran sunan.

Ana gab da kiran la'asar wayar ta yi ƙara. Kika gangaro da gudu, mayafinki yana ja a ƙasa, kika ratsa maza a kan tabarmi ba sallama, kika sa wa Maryam wayar a kunne. Daga waje muna jin muryar Usman yana cewa, “Maryam? Maryam, ni ne. Shanun dai sun tafi, amma ni ina nan.” Liman ya iso ya tarar ana guɗa. Shinkafar da aka ɗora don masu ta'aziyya ita muka ci da dariya.

A kan tudun nan na ga aikina da idona, ba tebur, ba kanta, ba littafi ko ɗaya, kuma kin yi shi fiye da yadda na taɓa yi. Tun daga ranar mata suke sallama a gidanmu da wayoyinsu a hannu, wannan tana son a duba mata ko labarin gaskiya ne, waccan tana neman inda ake sabunta takardar makarantar 'yarta. Ban ce miki komai ba a lokacin. Na sa hannu a takardar jami'a kawai, na bar ki kina zaton innarki ce ta tilasta mini. Ba ita ba ce. Na janye abin da na faɗa ƙarƙashin bishiya, ki yafe mini. Mutane ba su taɓa buƙatar mai wannan aiki kamar yanzu ba, kuma maktabun da aka rusa ku ne za ku tayar da su, da hannun da ya fi namu sani.

Ki kula da sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci kafin ki shiga aji, innarki ta ce in rubuta wannan sau biyu, ga shi na rubuta sau ɗaya, ke ki karanta sau biyu. Ki zaɓi ƙawaye masu tashi da wuri. Abin da mutum ya tambaye ki a teburin, amana ce, kada ya fita bakinki ko a wurin shayi. Idan kin yi naki kuskuren, don za ki yi, ki je ki sami mutumin da wuri, kada ki jira shekaru kamar ni.

Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya sa ki a hannun malamai masu tausayi. Allah Ya kare ki daga zazzaɓi da sharrin hanya da sharrin mutum, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Allah Ya dawo mana da ke da ƙafafunki, da iliminki, da mutuncinki. Gwaggonki Hawa da kawunanki da Maryam da Usman duk suna sa miki albarka.

Ki je ki yi karatunki, ɗiyata. Na yarda, da zuciya ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Babanki,
Sulaiman
Rusairis